Tsawo, faɗi da zurfi: yadda ake sanin abin da rami ko ɗaki yake ci

Bayan girbi ne lokacin gini da haƙa. Wani zai haƙa ramin taki, wani ramin salanga. Masu lambu za su gyara basan, wato wurin tara ruwa na siminti. Ƴan kwamitin bankin cimaka kuma za su jera buhuna a mangaza. Duk waɗannan abubuwa siffarsu ɗaya ce, kuma lissafinsu ɗaya ne.

Mu fara da wata gardama da ake yawan yi. A ce mai gida ya shirya da mai haƙa a kan rami mai tsawon metir 1, faɗin metir 1, zurfin metir 1, ladan aiki jika 2. Kashegari mai gida ya sake shawara. Ya ce: «Ramin ya yi ƙanƙanta. Ka ninka mini shi ta kowane ɓangare, metir 2, metir 2, metir 2. Ni ma in ninka maka kuɗi, jika 4.» Mai haƙa ya yarda. Ya yi ta fitar da ƙasa har ya gaji, rami bai ƙare ba. Ya ce an cuce shi. Mai gida ya ce shi bai cuci kowa ba, ninki ya ce, ninki kuma ya biya. Wa ke da gaskiya? Ku riƙe tambayar, za mu komo kanta.

Siffar akwati

Ku ɗauki kwalin ashana a hannu. Ku juya shi, ku ƙidaya fuskokinsa. Za ku sami 6: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Biyu-biyu suke, kowace fuska tana da ƴar'uwarta da ke dubanta, kuma girmansu ɗaya. Inda fuska biyu suka haɗu, nan ne gefe. Gefuna 12 ne: 4 dogaye, 4 matsakaita, 4 gajeru. Inda gefe uku suka haɗu, nan ce kusurwa, su kuwa 8 ne. A kowace kusurwa, gefe ɗaya ya bi tsawo, ɗaya ya bi faɗi, ɗaya ya bi tsayi. Saboda haka awo uku kaɗai ake bukata a san abin gaba ɗaya. In rami ne, tsayin nan shi muke kira zurfi.

Abin da yake da wannan tsari za mu kira shi mai siffar akwati. Birgin gini, sandar sabulu, ƙwayar sukari, ɗaki mai kusurwa huɗu, akwatin amalanke, duk suna ciki. In awon ukun suka zo daidai da juna, sai a ce da shi kub. Ƙaramin dunƙulen magi ya yi kusa da haka. Sunan Ka'aba ma daga wannan siffa ya fito a harshen larabci, ko da yake ɓangarorinta ba daidai suke sak da juna ba.

Rumbun ƙasa, rijiya, tuku da tiya ba sa cikin wannan dangi. Su kewayayyu ne, lissafinsu daban. Kada a yi musu aiki da abin da za mu koya yau.

Yadda ake lissafin ciki

Ku jera ƙwayoyin sukari a kan faranti, layi 4, kowane layi ƙwaya 5. Ba sai kun ƙidaya ɗaya-ɗaya ba: 5 sau 4, 20 ke nan. Ku ɗora wani jeri irinsa a sama, sun zama 40. Ku ƙara na uku, sun zama 60. Abin da kuka gina yana da siffar akwati, kuma ga lissafinsa:

5 × 4 × 3 = 60

Ƙa'idar ke nan duka. Tsawo sau faɗi yana ba da abin da ke shimfiɗe a ƙasa. In aka ninka shi da tsayi, sai a sami abin da ke ciki gaba ɗaya.

Amma rami ba da sukari ake auna shi ba. Ana auna shi da wani babban kub mai metir 1 ta kowane ɓangare, sunansa metir kub, ana rubuta shi m³. Shimfiɗar ƙasa kuwa, mai metir 1 tsawo da metir 1 faɗi, ita ce metir kare, ana rubuta ta m². Kalmar faransanci ce, ba ruwanta da karen da ke haushi a ƙofar gida. Metir kare na fili ne da bango, metir kub na ciki ne. Wanda ya rikita su zai sayi kayan da ba su isa ba.

Litir ma ɗan akwati ne. Akwatin da cikinsa yake da santimetir 10 tsawo, 10 faɗi, 10 tsayi, litir 1 yake ci daidai. Haka aka tsara shi tun da aka kafa dokar metir da litir a ƙasar Faransa a shekarar 1795. To, irin waɗannan ƴan akwatuna nawa za su shiga metir kub guda? Goma a layi, layi goma, hawa goma: 10 × 10 × 10 = 1000. Metir kub 1 litir 1000 ne. Tuku 5 ke nan na litir 200, ko bido 40 na litir 25. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan sai sun gwada, domin a ido ramin metir guda ba wani abu ba ne.

Yanzu mu komo ga mai haƙa. Ramin farko 1 × 1 × 1, metir kub 1. Rami na biyu 2 × 2 × 2, metir kub 8. Ƙasar da zai fitar ta ninka sau 8. In metir kub 1 jika 2 ne, ladansa jika 16 ne, ba 4 ba. Har ma ya cancanci ƙari, tun da jefo ƙasa daga zurfin metir 2 ya fi wuya. Da tsawon kaɗai aka ninka, da maganar mai gida ta yi daidai. Da tsawo da faɗi ne, da aikin ya zama ninki 4. A ganina, duk wanda zai ba da aikin haƙa ko zai karɓa, ya yi ciniki a kan metir kub tun da farko, a gaban shaida. Hakan ya fi a je gaban mai gari daga baya.

Basan na lambu

Nan ne aka fi yin kuskure, saboda haka za mu daɗe a kansa.

Mai lambu yana son basan mai tsawon metir 2, faɗin metir 1 da rabi, zurfin metir 1. Metir 1 da rabi ana rubuta shi 1,5. Lissafi: 2 × 1,5 × 1 = 3. Metir kub 3, wato litir 3000. In butar ban-ruwansa tana cin litir 10, zai cika ta sau 300.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata a yi wa magini kafin ya aza birgi na farko: awon nan na ciki ne ko na waje? A ce kaurin bango santimetir 20 ne, magini kuma ya auna metir 2 da metir 1,5 daga waje. Bangon wannan ɓangare ya ci 20, na wancan ɓangare ya ci 20. Tsawon ciki ya koma metir 1,6, faɗin ciki ya koma metir 1,1. Lissafi: 1,6 × 1,1 × 1 = 1,76. Litir 1760 ke nan. Mai lambu ya rasa litir 1240, kusan tuku 6, kuma zai rasa su duk lokacin da ya cika basan, shekara da shekaru. Magini bai yi ƙarya ba, maganar ce ba a ƙarasa ba. Ruwa a ciki yake zama, saboda haka daga ciki ake awo. Don a sami 2 da 1,5 a ciki, sai a zana metir 2,4 da metir 1,9 a ƙasa.

Kuskure na biyu shi ne haɗa metir da santimetir a lissafi ɗaya. In zurfin ruwan santimetir 80 ne, wani sai ya rubuta 2 × 1,5 × 80, ya sami 240, ya rasa ko mene ne wannan 240. Dole awon ukun su zama iri ɗaya. Santimetir 80 shi ne metir 0,8.

Na san waƙafin nan da ke tsakanin lambobi yana ba masu koyo wuya. Ga dabarar da za ta raba ku da shi. Ku yanke ɗan kara mai santimetir 10 daidai. Ku auna komi da shi. Tsawon basan kara 20, faɗi kara 15, zurfin ruwa kara 8. Ku ninka: 20 × 15 = 300, sannan 300 × 8 = 2400. Amsar litir ce kai tsaye, litir 2400, ba waƙafi, ba juye-juye. Dalili kuwa kun riga kun san shi: akwati mai kara ɗaya ta kowane ɓangare litir 1 ne.

Ku lura da 300 ɗin nan. Ma'anarsa, duk kara ɗaya na zurfi a wannan basan litir 300 ne. Ku sami doguwar sanda, ku yi mata tsaga kowane santimetir 10. In kun tsoma ta ruwa ya kai tsaga 6, litir 1800 ya rage. Ƙungiyar da mutane da yawa suke ɗiba daga basan ɗaya za ta ji daɗin wannan sanda, domin tana nuna abin da kowa ya ɗiba.

Litir 1 na ruwa kilo 1 ne. Basan ɗin nan in ya cika, tan 3 na ruwa yake ɗauke da shi. Saboda haka a daddaɓe ƙasan da kyau kafin a zuba siminti, kada kuma a yi rowar kaurin bango.

Wajen shafe kuwa, fuskoki ake lissafawa. Basan ba shi da fuskar sama, saura 5. Daɓen ƙasa 2 × 1,5, metir kare 3. Dogayen bango biyu, kowane 2 × 1, sun ba da 4. Gajerun biyu, kowane 1,5 × 1, sun ba da 3. Duka metir kare 10. Wannan lamba za ku kai wa magini ya faɗi yawan simintin shafen ciki.

A yi wa basan murfi ko shinge. Ruwan da bai kai gwiwar babba ba yana iya halaka yaro mai rarrafe. Sauro kuma yana yin ƙwai a ruwan da ke kwance, a lokacin zafi cikin kamar kwana 10 sun zama manya. Basan da ake ƙarar da ruwansa ana wanke shi kowane mako ba ya tara su.

Af, ga wani abu da ya shafi wannan. Da damina kuna jin rediyo yana cewa an sami ruwa milimetir 20 a Madawa ko a Magarya. Wannan ma akwati ne, mai faɗi ƙwarai, marar zurfi. Milimetir 1 a kan metir kare 1 litir 1 ne. Gona mai eka guda, wato metir 100 tsawo da metir 100 faɗi, metir kare dubu 10 ce. Ruwan milimetir 20 ya zuba mata litir dubu 200, tuku dubu ke nan a dare ɗaya.

Ramin salanga

Ramin da ya yi ƙanƙanta yakan cika cikin shekara ɗaya ko biyu. Iyali su koma daji, ƙuda su kwaso ƙazanta su sa a abinci, zawo ya kama yara. Ana iya kauce wa wannan da lissafi kaɗan.

Masana aikin tsabta suna ƙiyasta cewa abin da mutum ɗaya yake tarawa a rami, bayan ya ruɓe ya lafa, litir 40 zuwa 60 ne a shekara. Mu ɗauki 60 don kada mu gaza. Gida mai mutum 10: litir 600 a shekara. Shekara 5: litir 3000, metir kub 3. In ana jefa tsumma, leda ko duwatsu a ciki, zai cika tun kafin nan.

To, metir kub 3 ana samun sa ta hanyoyi da dama. 1 × 1 × 3 ya ba da 3. Haka 1,5 × 1 × 2. Haka 3 × 1 × 1. Cikinsu ɗaya, siffa ce ta bambanta, kuma ƙasar wurin ce za ta zaɓa muku. Inda ruwan ƙasa yake nesa, ana iya zurfafawa. Kusa da fadama ko gulbi, inda ruwa yake kusa, gara a tsawaita ramin a rage zurfi, domin ana son a bar aƙalla metir 1 da rabi na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa. Faɗin kuwa kada ya wuce metir 1 da yawa, don murfin siminti ya zauna daram a kan bakin. A kan zurfin da kuka lissafa ku ƙara rabin metir, wanda za a cike da ƙasa ranar da za a rufe ramin. Ramin 1,5 × 1 × 2 zai zama mai zurfin metir 2 da rabi. A nisanta shi da rijiya aƙalla metir 30, kuma ta ɓangaren gangare.

Siffar akwati tana da rauni ɗaya da ya kamata in faɗa. Miƙaƙƙen bango bai kai kewayayye jure matsin ƙasa ba. A jigawa mai rairayi, irin wadda ta yi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram, rami mai kusurwa huɗu yana iya rubzawa, har a kan mai haƙa. A nan sai a ɗaure shi da birgi, a bar ƴan ƙofofi a ɓangaren ƙasa don ruwa ya tsotse, ko kuma a yi shi kewayayye kamar rijiya. In za a ɗaure, a tuna da darasin basan: birgi zai ci wuri.

Buhuna a mangaza

Ɗan kwamitin da ya iya wannan lissafi ba ya bukatar a sauke buhuna kafin ya san yawansu. In an jera su da kyau, tarin yana da siffar akwati. A ƙidaya na hawa ɗaya, a ninka da yawan hawa. Layi 4, kowane buhu 5, buhu 20. Hawa 6: 20 × 6 = 120. In buhunan masu kilo 100 ne, tan 12 ke nan. In buhu tiya 40 ne, kamar yadda aka saba lissafa hatsi, tiya 4800. Ana gicciya buhunan daga hawa zuwa hawa don kada tarin ya zube, amma a kula kowane hawa ya zama da adadi ɗaya. Sai a gwada da abin da ke rubuce a littafin mai ajiya. A kuma hau saman tarin a duba. Tarin da aka zare buhuna daga tsakiyarsa, daga waje cikakke yake.

Mangaza ba ta cin hatsi daidai da girmanta. Ɗaki mai 6 × 5 × 3 metir kub 90 ne. Amma ba a jingina buhu da bango, saboda laima da ɓeraye da gara, kuma don mai dubawa ya iya kewayawa. In an bar rabin metir ta kowane ɓangare, filin ya koma 5 × 4. Ana aza buhuna a kan katako, ana kuma barin sarari a ƙarƙashin rufi, sai tsayin tarin ya zama kamar metir 2. 5 × 4 × 2 = 40. Bai kai rabin 90 ba. Garin da zai gina mangaza ya fara da yawan buhunan da yake son ajiyewa, ya auna tarinsu, sannan ya ƙara hanyar kewaye.

Kusurwa da igiya

Duk lissafin nan yana aiki ne in kusurwoyin sun tsaya daidai, kamar na takardar littafi. Ɗaki yana iya samun bango biyu masu metir 4, biyu masu metir 3, amma ya karkace. In ya karkace, filinsa ya ragu, kwanon rufi kuma ba zai bi bango ba.

Igiya tana maganin wannan. Ku sami igiya marar talewa mai metir 12. Ku yi ƙulli a metir 3, wani a metir 7, ku haɗa bakin biyu. Mutum uku su riƙe, ɗaya a mahaɗin, biyu a ƙulle-ƙullen, su ja ta miƙe. Ɓangarorin za su zama 3, 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai, nan za a kafa turke. In ƙaramin rami ne, a yi da santimetir 60, 80 da 100. Sirrin yana cikin lambobin: 3 × 3 da 4 × 4, wato 9 da 16, sun haɗu sun ba da 25, wanda shi ne 5 × 5. A lakkal ana danganta wannan ƙa'ida ga wani malamin ƙasar Girka mai suna Pitagor, wanda ya rayu shekaru kusan 2500 da suka wuce, amma mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun san ta fiye da shekara 1000 kafin shi.

Bayan an kafa turaku huɗu, a ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke gicciye da ita, a kuma ja ta ɗaya gicciyen. In tsawon biyun ya zo ɗaya, zane ya yi. In rami ne, a sake awo a gindinsa bayan an gama, domin hannun mai haƙa yakan matse yayin da yake sauka.

Aikin gwaji

Ramin taki yana da tsawon metir 3, faɗin metir 2, zurfin metir 1. Akwatin amalanke yana da kara 15 tsawo, kara 10 faɗi, kara 4 tsayi, da ɗan karan nan na santimetir 10. Ramin ya cika da taki har baki. Sawu nawa amalanke zai yi ya kai shi gona?

Ku yi a kan allo kafin ku duba. Ramin: 3 × 2 × 1 = 6, litir 6000. Amalanke: 15 × 10 × 4 = 600. A raba 6000 da 600, sawu 10. Yanzu kowa ya yanki karansa, ya auna akwatin amalanken gidansu ko na maƙwabci, ya kawo lambobin uku wurin karatu.